Kafin Mu Zuba Wa Ɓera Guba, Mu Tambayi Inda Ƙumarsa Za Ta Koma

'Yan'uwana malamai da iyalanmu, da zarar kaka ta wuce hunturu ya kama, an kwashe amfanin gona an kuma fara ƙona daji, sai ɓeraye su yi ƙaura daga gonaki zuwa gidajen mutane. Abin da yawancinmu muke yi a irin wannan lokaci sananne ne: a aiki yaro kasuwa ya sayo shinkafar ɓera, a barbaɗa a bayan buhuna da ƙarƙashin gado, a kwanta ana jiran sakamako. Bayan 'yan kwanaki sai motsin da ake ji cikin silin ya ɗauke, wari ya maye gurbinsa. Kafin a gama da warin kuma sai ƙaiƙayi ya sauka a gidan, yara su kwana suna susa, uwa ta kwana tana lallashi, maigida ya tafi aji da jajayen idanu. Kaɗan ne daga cikinmu suke gane cewa gubar da aka zuba da ƙaiƙayin da ya biyo baya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, fara yaƙin ɓera da guba kuskure ne mai tsada, kuma gyaran wannan al'amari a gidajen malamai da makarantunmu ya cancanci shiga cikin buƙatun da reshenmu yake gabatar wa hukuma.

Bari mu fara da sanin abokin gabar. Akwai wani ɗan ƙwaro da yake rayuwa a jikin ɓera da cikin sheƙarsa, wanda masana suke kira Ornithonyssus bacoti. Ɗan'uwan ƙumar kaji ne, wadda duk mai kiwo ya san yadda take mamaye akurki, saboda haka zan kira shi ƙumar ɓera. Sai dai a lura, ta bambanta da ƙumar nan mai tsalle da ake gani a jikin kare da kyanwa. Mai tsallen ƙafafunta shida, wannan kuwa idan ta girma ƙafafunta takwas, domin dangin kaska ce da gizo-gizo, kuma rarrafe take yi. Girmanta bai cika kai milimita ɗaya ba, kamar ɗigon alƙalami a kan takarda. Kafin ta sha jini launinta fari-fari ne mai toka, idan ta ƙoshi sai ta koma ja ko baƙi-baƙi. Daga ƙwai zuwa babba ba ta wuce kimanin mako biyu, don haka sheƙa ɗaya da aka bari a silin tana iya tara runduna cikin wata guda.

Abin da ya fi muhimmanci a halinta shi ne, ba a jikin ɓera take kwana kullum ba. Takan hau ta sha jini, ta sauka ta koma cikin tarkacen sheƙa da tsagogin bango. Muddin ɓeran yana nan, abincinta yana nan, kuma ba ta cika damuwa da mutanen gida ba. Ranar da ɓeran ya mutu ko ya bar gidan, yunwa takan kore ta ta bi katakon silin, ta bi bango, ta bi wayar lantarki, har ta iso inda take jin ɗumin jiki, wato shimfiɗar mutane. Tana iya yin makonni ba ta ci ba tana nema. Ba ta iya kafa zuriya a jikin ɗan Adam, amma kafin yunwa ta kashe ta za ta hana gida barci.

Saboda ƙanƙantarta, sau da yawa laifinta a kan wasu yake faɗawa. Wani ya ce kuɗin cizo ne, ya fitar da katifa rana, ya ga ba komai. Wata ta ce ƙazwa ce, ta sayo man shafawa ta shafe yara duka, ƙaiƙayi ya ƙi tafiya. Alhali akwai hanyar bambancewa. Kuɗin cizo ido yana ganinsa sarai, kuma yakan bar baƙaƙen ɗigo a ɗinkin katifa da haɗin gado. Ƙazwa cikin fata ƙwaronta yake shiga ya zauna, ta fi kama tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma tana bin mutum duk inda ya tafi. Ƙumar ɓera kuwa cizo take yi ta sauka, ƙurajenta ƙanana ne jajaye masu tsananin ƙaiƙayi, sukan taru a wuya da kafaɗa da ƙugu da duk inda tufafi ya matse jiki. Alama mafi ƙarfi ita ce, idan mutum ya yi kwana biyu a wani gida sai sababbin ƙuraje su daina fitowa, idan ya dawo su dawo. Wanda yake son tabbatarwa ya shimfiɗa farin ƙyalle a gindin bango ko ƙarƙashin inda silin ya ɓule, ya duba da tocila da dare. Idan ya ga ɗigo-ɗigo suna motsi, ya manne su da selotef ya kai wa jami'in lafiya.

Ba na son in tsorata kowa fiye da kima. Illar wannan ƙuma a mafi yawan lokaci ƙaiƙayi ne da rashin barci, sai kuma gyambon da susa take jawowa idan ƙazanta ta shiga, musamman ga ƙananan yara. Amma danginta ba duka ne suke tsayawa nan ba. A shekarar 1946, a birnin New York na Amurka, wani zazzaɓi mai haɗe da ƙuraje ya ɓarke a wasu gidajen haya, da aka bincika sai aka gano wata ƙuma ce ta jikin ɓeran gida take yaɗa shi. Mu kuma a nan muna da abin da ya fi wannan girma. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓera ne mai ɗauke da shi, wani nau'i mai nonuwa da yawa da yake zama a gonaki da gidaje. Ba ta hanyar ƙuma yake yaɗuwa ba, ta fitsari da kashin ɓeran ne idan suka taɓa abinci ko kwanuka, sannan daga mutum zuwa mutum ta jini da sauran ruwan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, amma sauran sukan sha wuya, wasu su rasa rai, wasu su tashi da kurumta. Ya fi ƙamari da rani, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da hukumar NCDC ta fi ambata a rahotanninta. Don haka gidan da ƙumar ɓera ta ciji yaro, gida ne da ɓera ya riga ya yi sheƙa a kusa da abinci. Ƙaiƙayin sanarwa ce, mai hankali kuwa ba ya raina sanarwa.

To, me ya sa na ce guba kuskure ce a matakin farko? Dalili na ɗaya, yawancin gubar da ake sayarwa ba nan take take kisa ba. Wadda take tsinka jini takan ɗauki kwanaki, ɓeran ya ja jiki ya koma rami ko silin ya mutu inda hannu ba ya kaiwa. Gawar tana can, sheƙar tana can, ƙumar kuma ta sauko. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Dalili na biyu, guba ba ta toshe ƙofa. Ɓera mace tana ɗaukar ciki na kimanin mako uku, ta haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda, su kuma su balaga cikin wata biyu zuwa uku. Idan ramin yana nan kuma abincin yana nan, waɗanda aka kashe yau maƙwabtansu za su gaje su kafin wata ya ƙare. Dalili na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne gidajenmu cike suke da masu rarrafe. Shinkafar ɓera kama take da abinci, yaro ɗan shekara biyu kuwa duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Kaza takan ci, kyanwa takan ci ɓeran da ya ci.

Sannan idan ƙaiƙayi ya zo, sai a ƙara kuskure a kan kuskure. A sayo fiya-fiya a kwalbar da ba ta da suna, a yayyafa a katifa da matashi, a rufe ɗaki, a kwantar da jariri. Sinadarin da ke cikin irin wannan ruwa na feshin gona ne, kuma saboda haɗarinsa ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Wasu ma har ƙwayar nan da ake sa wa hatsi a sito suke ajiyewa a ɗakin kwana, alhali iskar da take fitarwa tana kashe mutum yana barci. Duk wannan, sheƙar da take haifar da ƙumar tana sama ba a taɓa ta ba. Wanda ya ce guba ta fi araha, ya haɗa da kuɗin man shafawa da na asibiti da ranakun da bai je aiki ba, sannan ya sake lissafi.

Aikin yana da tsari, kuma tsarin ne sirrinsa. Farko a yanke wa ɓera abinci, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hatsi ya shiga duro ko mazubi mai murfi. Buhunan da ba su samu mazubi ba a ɗora su a kan katako, a janye su daga jikin bango yadda za a iya zagayawa a duba. Kada kwanukan tuwo su kwana ba a wanke ba, kada tukunya da randa su kwana a buɗe, a kuma daina shanya abinci a ƙasa ko a gefen titi inda ɓera yake bi da dare. Shara ta yi nesa da ɗaki, ciyawar bayan katanga a nome ta, itacen girki da tarkacen da aka jingine da bango a ɗaga su.

Na biyu a toshe hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, ɓera ma haka. Ƙaramin ɓera yana ratsa ramin da bai fi kaurin fensir ba, babba kuma ramin da babban yatsa zai shiga ya ishe shi. A duba ƙasan ƙofa, da inda bututun ruwa ya ratsa bango, da bakin kwata, da tsakanin kwano da kan bango. Tsumma da kwali da leda ba sa tsayar da haƙorinsa. Siminti ake sawa, ko ragar waya, ko a buɗe gwangwani a buga da ƙusa.

Na uku a ɗana tarko. Fifikon tarko a kan guba shi ne gawar tana zuwa hannunka, ka san adadin da ka kama, ka kuma fitar da ɓeran tare da ƙumar da ke jikinsa kafin ta watse. A jera tarkuna da yawa a gindin bango, domin ɓera gefen bango yake bi, a sa ɗan ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a ajiye inda yara ba sa kaiwa, a duba kowace safiya. Kada a taɓa gawar da hannu tsirara. A sa safar roba ko a zura hannu cikin leda, a jiƙa gawar da ruwan bilic, a ƙulle ta a leda biyu, a binne da zurfi ko a ƙone. Wannan aikin manya ne, kada a ba yara.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa, a nemo sheƙar a fitar da ita. Tana iya kasancewa cikin silin, ko bayan kabad, ko cikin tsohon kwalin littattafai, ko ƙarƙashin tarin kayan da aka daɗe ba a motsa ba. A buɗe tagogi iska ta shiga tukuna. A rufe hanci da baki. Kada a share kashin ɓera a bushe, domin ƙurar da za ta tashi ita ake shaƙa. A haɗa bilic kashi ɗaya da ruwa kashi tara, a jiƙa wurin sosai, a bar shi minti biyar, sannan a kwashe a goge. Idan za a yi feshi, wannan ne lokacinsa kuma nan ne wurinsa: inda sheƙar take, da tsagogin bango, da gefen silin, da maganin ƙwari mai rajista wanda aka yi domin cikin gida, kuma ya fi kyau jami'in tsaftar muhalli ya yi shi ko ya nuna yadda za a yi. Mutane da dabbobi su fita, a rufe abinci, kada a koma sai iska ta wanke ɗakin.

Na biyar a juya kan shimfiɗa. Zannuwan gado da tufafi a wanke su da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana mai ƙarfi, a goge da dutsen guga. Katifa da tabarma su sha rana. A janye gado daga jikin bango na ɗan lokaci. Masu ƙuraje su yi wanka da sabulu, a yanke wa yara farce, a nemi maganin ƙaiƙayi a wurin ma'aikacin lafiya. Idan ƙurji ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya shigo ya ƙi jin maganin maleriya, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa likita cewa akwai ɓeraye a gidan. Haka nan idan yaro ya haɗiyi guba, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a ɗauke shi tare da kwalbar ko takardar maganin zuwa asibiti. Bayan an yi duk wannan, cizo yana iya ci gaba na ɗan lokaci kafin ragowar ƙumar su ƙare, don haka kada a karaya a koma wa fiya-fiya.

Wani zai ce, malam, ai kyanwa ta isa. Kyanwa tana da amfani, tana rage ƙananan ɓeraye, ƙamshinta ma yana razana su. Amma ba ta shiga silin da aka rufe, ba ta toshe rami, ba ta kwashe sheƙa, kuma ita ma wannan ƙuma tana iya hawanta. A riƙe ta a matsayin mataimakiya.

Wani kuma zai ce, ana maganar albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, wa ya kawo ɓera cikin mujallar ƙungiya? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ina girmama mai yin ta. Amsata ita ce, tun da aka kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a 1931, abin da take fafutuka a kai shi ne yanayin aikin malami, yanayin aiki kuwa ya haɗa da ɗakin da yake koyarwa da gidan da aka ba shi ya kwana. A shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, na zauna a gidajen malamai da bangonsu ɗaya, silinsu ɗaya, ɓeran da ya shiga ta gidan farko sai ya fita ta na ƙarshe. A irin wannan gini, malami ɗaya ya toshe nasa ramuka aikin banza ne idan maƙwabcinsa bai toshe ba, kuma babu ɗayansu da albashinsa zai iya sauya silin da ya ruɓe. Na ga sito na makaranta inda ɓeraye suka mayar da sababbin littattafan karatu sheƙa, aka kuma aiki 'yan aji shida su kwaso su da hannu a raba wa ajujuwa. Inda ake ciyar da ɗalibai, ragowar abinci da ledoji sukan kwana a ƙarƙashin benci. Waɗannan duka al'amuran gini ne da tsarin gudanarwa, masu su kuma su ne hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB. Malami shi kaɗai ba zai iya tunkarar su ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da aka kafa ƙungiya dominsa ke nan.

Akwai kuma wani haƙƙi da yake wuyanmu mu kanmu, wanda ba ya buƙatar kobo. Yaron da ya shigo aji yana susa yana gyangyaɗi, kada a tsayar da shi gaban 'yan'uwansa a kira shi ƙazami. Sau da yawa uwarsa ta yi masa wanka da safe, matsalar tana cikin rufin ɗakin hayar da suke kwana. Kunyar da muke jefa wa iyaye ita take sa su ɓoye, su yi ta shafe-shafe a asirce har fata ta lalace. A kira yaron gefe, a tambaye shi ko ana jin motsi a silin, ko an zuba guba kwanan nan, ko sauran 'yan ɗakin suna susa. A aika wa iyaye da saƙo cikin mutunci. Muna da darasin kiwon lafiya da na kimiyya a jadawali, kuma babu misalin da ya fi wannan kusa da rayuwar yaro.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshenmu su ɗauki abubuwa huɗu zuwa zama na gaba. A sa wakilin ƙungiya na kowace makaranta ya rubuto halin da silin da sito da gidajen malamai suke ciki, domin mu je gaban hukuma da takarda a hannu. A nemi sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya turo jami'an tsaftar muhalli, waɗanda iyayenmu suke kira duba-gari, su zagaya makarantu sau ɗaya kowane zango, musamman kafin a dawo daga hutun ƙarshen shekara. A nemi toshe ramuka da gyaran silin su shiga sahun farko a duk kuɗin gyaran da ya iso makaranta, tare da sa hannun kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. A kuma tsayar da ƙa'ida cewa ba za a zuba guba a harabar firamare ba sai da jami'in lafiya kuma lokacin hutu, ba kuma za a sa ɗalibi ya ɗauki mataccen ɓera ko ya share sito mai kashin ɓera ba.

Mu kuma mazauna gidajen malamai da unguwanni, mu sa rana ɗaya, ko da ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ce, mu yi aikin tare: a haɗa kuɗin buhun siminti ɗaya da ragar waya da tarkuna, a bi gida-gida daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a kan guba da magani a shekara ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kare mana 'ya'yanmu na gida da na aji.